Marlee, Jagorar da Ta Ɓoye Gidanta

Ranar Talata biyar ga Agusta aka bugo mini waya daga garin Tupelo cewa Allah ya yi wa Marlee Tidwell rasuwa a haɗarin mota. Har yau kaina bai gama ɗaukar maganar ba.

Marlee, shekarar da na shigo jami'a ke ce jagorar rukuninmu na sababbin ɗalibai a makon da gidajen ƙungiyoyin 'yan mata na jami'armu suke zaɓen sababbin shiga. Daga ƙauye na zo, ban san kowa ba, na kuma ƙudurta idan babu gidan da ya ɗauke ni zan tattara in koma garinmu. A gidan farko bakina ya mutu. Ina fara sakin jiki da wadda ke jana da hira, sai wata ta dafa kafaɗarta, ta tashi, sabuwa ta zauna. Na fito ina kuka, na ce miki guduna suke yi.

Kika yi dariya har da riƙe ciki. "Ke dalla share hawaye, kwalliya za ta lalace! Karɓa-karɓa suke yi don kowa ta gan ki. Kada dai ki taɓo samari, giya, addini, kuɗi ko siyasa."

"To me ya rage?"

"Kare mana, 'yar ƙauye! Tambaye su karensu, sai kin roƙe su su yi shiru."

Haka kuwa aka yi. Duk makon, bisa al'adar jagorori, ba ki faɗa mana gidan ƙungiyarku ba, don kada mu karkata. Sai ranar ƙarshe kika tuɓe rigar sama, na ga tambarin gidan da ya ɗauke ni a rigarki ta ciki.

Bana ni ce jagora, saboda ke na nemi aikin. Na yi alkawarin ɓoye gidana, aka damƙa mini 'yan mata cike da fargaba. Jiya aka yi miki addu'a a cocin jami'a. 'Yan gidanmu suka jeru a gaba cikin fararen kaya, hannu riƙe da hannu, ni kuwa ina can baya da 'yan rukunina. Wata 'yar rukunina ta ga hawayena ta ce, "Kin san ta ne?"

Na san idan na buɗe baki komai zai zubo, har su gane gidana. Na ce, "Sama-sama."

Ban sani ba, Marlee, amanarki na riƙe ko cin ta na yi. Wadda zan tambaya ke ce.

Allah ya jiƙanki, ya ba ki hutawa. Allah ya sanyaya zuciyar mahaifiyarki da ƙaninki Wyatt, ya ba mu haƙurin rashinki.