Gorar da Na Kai Gidan Amumune

Wata maƙwabciyata Kirista ce a Tasawa ta ba ni ƴar shukar gorar ado, cikin tukunyar ƙasa mai tsagaggen baki. Irin wadda ba ta tsawo ce, iyakarta gwiwata. Ta ce mini kada in bar ta ta bushe, kada kuma in bar ruwa ya kwanta mata.

Shekarar da aka maida ni koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, kusa da Gidan Amumune, mai kabu-kabun da zai kai ni ya ƙi ɗaukar tukunyar. Wai hanya rairayi ce, ba zai faɗi da mu saboda ciyawa ba. Na ce to ya tafi, zan nemi wani. Da ya ga da gaske nake, ya bar ni na hau, na rungume ta a cinya har muka isa.

An sauke ni a gidan wani dattijo manomi, muna ce masa Baba. Mutumin kirki ne, amma bai ga amfanin shukar da ba a ci, ba a yin danga da ita, ba ta ko ba da inuwa ba. Da bazara ta kama, rijiya ta yi ƙasa, mata na kwana biyu kafin su cika randa. Wata safiya ya same ni ina zuba mata ruwa da moɗa.

"Malama, mutane da bisashe ke shan ruwan gidan nan," ya ce.

"Baba, daga yau ba za ta taɓa randarku ba. Amma ba zan yar da ita ba."

Na cika alkawari. A kanta nake alwala sau biyar, ruwan wankin shinkafa ma nata ne. Da hantsi ya yi zafi sai in jawo ta ƙarƙashin itacen bedi, in na dawo daga lakwal in duba ƙasar da yatsa. Matan gidan suna dariya, suna cewa na samu ɗiyar goyo.

Sai wata ranar kasuwa akuya ta shiga ta cinye ganyen tas, ta bar ƴan karare. Matar Baba ta ce in ba ta tukunyar ta riƙa zuba wa kaji ruwa. Na ce ba ta mutu ba tukuna. Na datse kararen da wuƙa daidai ƙasa, na sa ɗan busasshen taki, na kewaye ta da ƙayar aduwa. Kusan sati uku ina zuba ruwa a kan abin da kowa ke gani ƙasa ce kawai. Ni ma na fara shakka, amma ban bari sun gani ba. A sati na huɗu tsiro biyu suka huda, masu tsini kamar allura.

Da damina ta sauka, saiwa ta cika tukunyar har ta ƙara tsaga ta. Baba ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce in dasa ta a bakin zaure, ta huta, ni ma in huta. Na gode masa, na ce a'a. Ma'aikaciya ce ni, gobe ana iya tada ni, abin da na sa a ƙasar wani kuma ba zai bi ni ba. Na je wurin maginiya ta gina mini babbar tukunya mai huji a gindi, na raba saiwar biyu, na mayar da rabi ciki. Ɗayan rabin na bar shi a tsohuwar, na ɗaure ta da waya don kada tsagar ta ƙaru.