Bangon Ɓarna na Malam Isiyaku

Shekara bakwai ke nan da muka kai Malam Isiyaku makwancinsa, kuma har yau ban yafe masa tafiyar da ya yi bai nemi izinina ba. Shi Bazazzagi ne, ni Bakano, kun dai san wane ne ubangidan wani. Ni tun daga aji huɗu muka yi sallama da boko, don haka masu manyan takardu su yi mini afuwa.

Aikin kafinta yake koyarwa a wata cibiyar koyon sana'a a Rafin Guza, ni kuma ina sayar da goro a bakin ƙofa, wato ni ne babban sufeto. Farkon zuwansa da dorina ya zo. Duk wanda ya ɓata katako sai ya sha ta. Aji ya yi tsit, ɓarna ta ɗauke, Malam yana ta cika mini baki. Ranar da aka yi wani ruwa mai ƙarfi, kwatar bayan aji ta cika, ta yi aman guntayen katako da karkatattun ƙafafun kujeru da ɗalibai suka daɗe suna jefawa a ɓoye. Ya tsaya yana kallon su suna yawo a ruwa, ya ce, "Ɗanladi, ashe ɓuya na koya musu, ba aiki ba."

Washegari ya ajiye dorina, ya kafa ƙusoshi a bango guda. Abin da ya fara ratayewa wata 'yar kujera ce da shi kansa ya yi yana sabon hannu, ƙafa ɗaya ta gaza sauran. Daga nan duk wanda ya ɓata aiki, shi zai rataye abinsa, ya gaya wa aji inda ya kauce. A yi dariya, ta Malam ta fi ta kowa, sannan a sake awo tare.

Bana aka kawo sabon shugaba, mai ladabi, mai ƙamshin turare. Ya ce baƙi za su zo, bangon nan abin kunya ne, a kwashe a yi fenti. Na sa babbar rigata na same shi.

"Ranka ya daɗe, bangon nan rabin malamin ajin ne."

"Baba, yanzu a waya suke ganin yadda ake yi."

"A wayar akwai mai nuna yadda ake ɓatawa?"

Ya yi murmushi, ya rako ni har ƙofa.

Na nemi tsofaffin ɗaliban Malam. Ɗaya yana Mando yana jan keke mai ƙafa uku, zarton ma ya sayar. Wani a Unguwar Dosa ya ce in sha Allahu yana tafe. Ban ga laifinsu ba, kowa da bakunan da yake ciyarwa. Aka kwashe kayan bangon, mai ƙosan bakin titi ta samu itacen wata guda. 'Yar kujerar Malam kaɗai na ƙwato, ita ma da roƙo.

Da Malam zai dawo yau, na san ba zai kalli fentin ba, bayan aji zai zagaya. Shekaranjiya na zagaya a madadinsa, na leƙa kwatar. Sababbin guntaye ne a ciki, fararen katako, ko datti ba su gama ɗauka ba. Na tsaya na rasa wanda zan gaya wa.

Kujerar tana zaurena. Kullum uwargida sai ta cusa kwali a ƙarƙashin gajeriyar ƙafar, kullum sai na zare. Allah ya jiƙanka, Bazazzagi, ya haskaka makwancinka. A kanta nake zaune nake wannan rubutu, tana girgiɗi, ni ma haka.