Filas a Haɓar Zane

Bazara ce, irin wadda ko inuwar darbejiya ba ta ba mutum sanyi. A shekarar nan Yerwa kowa a takure yake. Wutar lantarki ta daɗe da ɗaukewa, shingen bincike a kowace kwana, in yamma ta yi sai ka ga mutane suna sauri kada dokar hana fita ta riske su a hanya. A cikin wannan hali aka ce jarrabawar shiga jami'a a kwamfuta za a yi ta, 'yata ta fari kuwa ba ta taɓa ɗora yatsa a kan kwamfuta ba.

Akwai wata tsohuwar kwamfuta da ƙanena ya bari da ya koma Kano, amma in an kunna ta allon baƙi ƙirin yake tsayawa. Kusa da inda nake sayar da busasshen kifi a Baga Road akwai mai gyara. Ya ce sai an zuba mata sabuwar manhaja, wadda ita ce ke tayar da ita. Sai dai ban yarda in ratsa shingaye da na'ura a jaka ba, balle in aiki yarinyar. A lokacin budurwa mai hijabi da jaka kowa gudunta yake yi.

"To Hajja, ke za ki zama injiniya ke nan," in ji shi yana dariya.

Ya miƙo mini filas, ɗan abin da manhajar ke ciki, ƙarami kamar yatsa. Na ƙulle shi a haɓar zanena.

"Ku soka shi a gefe, ku kunna. Amma ki ji ni da kyau, in ta fara aiki kada wanda ya cire shi."

Muka soka, muka kunna, ta yi kamar ba ta san da shi ba. Wayar mai gyaran kullum a kashe saboda rashin caji, don haka sai da na jira wayewar gari na kai masa labari da baki. Karatuna na ajin yaƙi da jahilci ne, Turanci bai shige ni ba, amma na haddace haruffan da na gani na karanta masa.

"Ɗana, abin nan fa ko kallonsa ba ta yi ba."

"Ai sai an nuna mata hanya. Da kun kunna, ku dinga danna maɓallin F12 ba tsayawa, kamar mai sallama a gidan kurma."

Da na dawo gida 'yata ta kunna, ni na dinga dannawa. Ga sunan filas ya fito, ta zaɓa, aiki ya fara. Muka zuba wa wani shuɗin layi ido yana tafiya a hankali har ya cika. Kwamfuta ta mutu, ta kunna kanta, sai ga mu a shafin farko, tana tambayar yaren da muke so. Muka amsa, muka sake. Ta cika, ta mutu, ta dawo wurin. Kowane zagaye batir yake ci, caji kuma sai a gidan maƙwabciyarmu, wata malama 'yar kudancin Borno, da ke tayar da janareta na ɗan lokaci da safe.

"Mama, mu cire shi mana."

"An ce kada a cire."

A shekarun nan mun koyi cewa in an ce tsaya, ka tsaya, in an ce kada ka taɓa, ka janye hannunka. Da haka muke dawowa gida lafiya. 'Yata ta kifa kai a gwiwa ta ce ita ta haƙura, baɗi ma shekara ce. Ban yi mata faɗa ba. Na ce ta tashi ta ci abinci.

Da na koma wurin mai gyaran, sai ya dafe kai.

"Wayyo Hajja, laifina ne, rabin magana na ba ki! In ta cika ta mutu, to a lokacin ake zarewa. In yana jiki, daga shi za ta sake farawa har tashin alƙiyama."

Bayan la'asar muka zauna a tabarma, yatsuna biyu a kan filas kamar mai jiran cire ƙaya. Allon yana yin baƙi na yi bisimilla na zare. Shiru ya yi tsawo, har na fara tunanin na kashe ta. Can sai ga haske, da wani shafi da ba mu taɓa gani ba, yana neman suna. 'Yata ta rubuta nata da yatsa ɗaya, tana laluben kowane harafi. Ba a jima ba batir ya ƙare.

Washegari bayan asuba na tarar da ita ta ɗauki tsintsiya. Na karɓe, na ce daga yau har ranar jarrabawa shara da wanke-wanke nawa ne. Na naɗe kwamfutar a sallaya, na raka ta har ƙofar malama, na tsaya sai da na ji janareta ya tashi, sannan na nufi kasuwa.