Tattasai a Filin Lakwal

Filin da ke bayan lakwal, makarantar bokon unguwarmu a Diffa, ba shi da katanga, ba shi da inuwa, ba shi da ko ciyawar da akuya za ta waiwaya ta kalla. Rairayi ne da ƙarafan gola biyu, ɗaya ma a karkace. Amma saboda filin nan na ɓata da yayana uwa ɗaya uba ɗaya, kuma yau in aka maido mini da ranar, abin da na yi shi zan sake yi.

Mu mutanen bakin Komadugu ne, can wajen Toumour. Da rikici ya tashe mu, na shigo gari ni da 'yata, mijina kuwa ya rasu tun kafin nan. Yayana ne ya karɓe mu. Shi ya daɗe a Diffa, yana sayen ɗanyen tattasai hannun manoma, ya busar, ya loda wa kamiyo, manyan motocin kayan nan masu tsallaka iyaka. Ya ba mu ɗaki a bayan gidansa, ya ba mu tabarma da tukunya, kuma bai taɓa yi mini gori ba. Wannan zan faɗe shi a gaban kowa, har da shi kansa.

'Yata ta zo gari kamar an zare mata laka. Yarinyar da a ƙauye sai an roƙe ta ta yi shiru, ta koma sai an yi ta tambayarta kafin ta ce uffan. In aka buga ƙofa da ƙarfi ta zabura. In aka sa mata tuwo ta yi ta jagwalgwala shi har ya huce. Na karɓo rubutu, na kai ta asibiti, duk inda aka ce da magani na je. Ina kallon 'yata tana ƙarewa a zaune, kuma ba abin da ya fi wannan ciwo a duk abin da na baro a bakin kogi.

Wanda ya yi mini maganin kuwa wani siririn malami ne mai usur a wuya, mushe na wasanni. Shi ya tara 'yan matan ajin ya jefa musu balo, wato ƙwallo, ya ga tawa ba ta son gudu cikin mutane, sai ya tsayar da ita a gola. Ban san abin da ta samu tsakanin ƙarafan nan biyu ba. Na dai san ta fara dawowa da ƙurjajjiyar gwiwa da yunwar manomi, tana ba ni labari baki cike da tuwo, wance ta buga, ita ta kama, wance ta faɗi kan fuska. Matan unguwa suka fara tsegumi, wai budurwa ta kusa ɗaura zane tana birgima cikin rairayi. Na ce musu duk wadda ta taɓa ganin ɗanta yana bushewa a gabanta ta zo mu yi magana, sauran su kama bakinsu.

Sai lokacin tsinkar tattasai ya zo.

Da can a bakin gona ake shanya shi. Tun da bakin kogi ya zama wurin da ba a barin kaya, sai kowa ya riƙa kwaso nasa cikin gari, duk wani fili da ke buɗe ya koma ja wur. Mu kuma mutanen kwari muna da ƙa'ida a kan shanya, wadda ba a rubuta ba amma ko yaro ya san ta. Ba a taka shanyar wani, ba a share ta, ba a tura dabba ko amalanke ta kanta. Wanda ya riga zuba nasa a wuri, wurin nasa ne har kayan su bushe ya kwashe. Yayana ya riga kowa zuwa filin lakwal. Da wannan ya bushe sai ya kwashe ya zuba wani, haka har ƙarshen kaka, yara suna leƙen filinsu ta tagar aji.

Shekarar farko na haƙura, don baƙuwa ce ni, kuma a ɗakinsa nake kwana. Na ga abin da haƙurin ya jawo. Cikin 'yan makonni yarinyar ta koma kusurwar ɗaki, tuwo ya koma hucewa a gabanta. Shekara ta biyu da tattasai ya fara shigowa, mushe ya same ni a ƙofar gida ya ce akwai wasa tsakanin lakwal-lakwal na gari bayan wata biyu, kuma darakta, shugaban lakwal ɗin, ya ce in 'yan mata ba su da inda za su yi horo, sai a rushe ƙungiyarsu a bar ta maza, su da ke iya tafiya babban filin gari. In aka rushe kuwa, ba mai sake tada ta.

Na je wurin darakta, ya ce fili ba katanga, na meri ne, wato hukumar gari, ba ikonsa ba. Na je wurin bulama, mai unguwarmu, ya ce shanya shanya ce, shi ba zai ce wa mutum ya kwashe ɗanyen kayansa ba. Daga ƙarshe na je wurin mai gayya mai aiki. Na same shi a zaure yana shan shayi.

Na ce, "Yaya, filin lakwal nake roƙo. Ka bar wa yaran nan ko da rabi."

Ya yi dariya har shayin ya kusa sarƙe shi. Ya ce, "Ke autar Inna, yanzu balo ce ta fito da ke? Tuwon da 'yarki ke ci, daga balo yake fitowa ko daga tattasai?"

Na ce, "Daga tattasai yake fitowa, Yaya. Amma sai ta buga balo take iya haɗiye shi."

Ya ce in je in huta, rana ta buge ni. Na fito raina a ɓace.

A hanya na tsaya bakin filin ina kallon yaran aikinsa suna tara busasshen tattasai cikin buhuna. Nan na lura da abin da na sha gani ban kula ba. In suka kwashe da yamma aka loda wa kamiyo, sabon kaya ba ya isowa daga kwari sai washegari da hantsi. Tsakanin nan filin ba na kowa ba ne.

Ina da ɗan tattasaina, rabin buhu da wata 'yar uwa ta aiko mini daga Chétimari. Rabin buhu ba ya rufe ko tabarma uku, balle filin ƙwallo. Amma na bi ƙa'idar tamu a raina daga farko har ƙarshe, ban ga inda ta faɗi kaurin shanya ba. Na shiga gidajen iyayen yaran. Wata ta ce tana da yankakkiyar kuɓewa, wata zoɓo, wata ganyen yakuwa. Maƙwabciyarmu Madam, Kirista ce matar wani ma'aikaci da aka turo daga kudu, 'yarta ce mai buga gaba, ta ce ita ba ta da komai sai tumatir, na ce yanka shi ki kawo. Wasu suka noƙe, suka ce ba sa shiga faɗan 'yan uwa, ban ga laifinsu ba.

Ranar da aka loda kayansa, washegari muna idar da sallar asuba muka fita da kwanuka a ka. Muka watsa abin nan tsilli-tsilli, tattasai ɗaya nan, wani can, kuɓewa a tsakani, daga gola zuwa gola. Duk wanda ya gani ya san abin kunya ne a ce wannan shanya ce, kaza ma in ta zo sai ta yi tafiya kafin ta samu na tsattsaga. Amma babu inda mutum zai sa ƙafa bai taka kayan wata ba. Muka shimfiɗa tabarmi a gefe muka zauna gadi.

Da hantsi amalanken shanu suka iso da ɗanyen kaya. Yaran aikin yayana suka ja birki a bakin fili, suka kalli ƙasa, suka kalle mu, ɗaya ya ruga ya kira maigidansu. Yayana ya zo babbar rigarsa tana tashi. Da ya ga ni ce a gaba, ya tsaya cak.

Ya ce, "Wannan wane irin iskanci ne?"

Na ce, "Shanya ce, Yaya. Na riga ka."

Ya ce a share. Ba yaron da ya motsa, don dukansu 'ya'yan kwari ne, kuma iyayensu mata suna da shanya a wani wuri. Aka kira bulama. Tsohon ya zo da sandarsa, ya zagaya, ya duƙa ya ɗauki tattasai ɗaya ya juya shi ya mayar daidai inda ya ɗauka. Ina ganin gemunsa yana rawa, dariya yake dannewa. Ya ce da yayana, "Alhaji, abin da na faɗa mata ranar nan shi zan faɗa maka. Shanya shanya ce."

Yayana ba wawa ba ne. Ya san in la'asar ta yi dole mu kwashe don yara su yi wasa, kuma da mun kwashe filin ya koma na wanda ya riga. Ya bar amalanken a inuwar wata bishiyar bedi, ya zauna jira. Ni ma na san da haka. Da aka tashi daga lakwal, maimakon mu kwashe, sai muka sa tsintsiya muka ja shanyar zuwa gefe-gefe, muka yi mata layi siriri ta zagaye filin kaf, ba ƙofa ko ɗaya. Yara suka tsallaka da ƙafa suka shige. Sa da amalanke kuwa ba sa tsallake, sai dai su taka. Mushe ya kalli jan layin nan ya ce tun da aka turo shi garin bai taɓa samun fili mai iyaka ba sai yau, ya busa usur.

Ina tsaye ina kallon 'yata tana tafa hannu a gola, ina kuma ganin yayana can ƙarƙashin bedi. Ba zan ce ban ji komai ba. Ɗanyen tattasai ba ya son zama a tare, in ya kwana a haka yana zafi ya fara ruɓa daga ƙasa, kuma na san hakan kamar yadda ya sani. Sai da ya kai kayan can bayan gari, wurin da babu mai gadi sai ya ɗauka, kuma wani sashe ya lalace masa. Asara ce ta gaske, kuma ni na jawo masa ita ido buɗe.

Kullum haka muka riƙa yi, da safe mu baza, da la'asar mu ja gefe. In na wata ya bushe ta kawo wani. Har matan da suka noƙe suka fara turo ɗan abin da suke da shi a kwano.

Bai yi mini magana ba sai bayan mako. Ya kira ni zaure, wannan karon babu shayi. Ya ce, "Na ba ki wurin kwana, kin hana ni wurin shanya, kin sa gari yana yi mini dariya. Ki kwashe tarkacenki daga filin nan gobe, ko ki kwashe su daga ɗakina. Zaɓi ɗaya."

Na durƙusa yadda ƙanwa ke durƙusa wa yayanta, don ban je don in yi masa rashin kunya ba. Na ce, "Yaya, alherinka ba zan manta ba har in mutu. Tattasanka in ya ruɓe, baɗi kogi zai ba ka wani. Ni wannan ɗaya gare ni."

Ya kau da kai. Na tashi na fita.

Muka koma gefen gari, cikin 'yan uwanmu da rikici ya koro, a rumfar zana da tamfol. Wurin yana da nisa da lakwal, ruwa sai an bi layi, kuma in iska ta taso har cikin miya take shiga. Na yi kuka ranar da muka tare, ba ɓoyewa. Kukan rabuwa da ɗan uwana na yi, ban yi na nadama ba.

Ranar wasa kuwa aka lallasa yaranmu. 'Yan matan wata lakwal ta cikin gari, dogaye masu takalma, suka yi ta zura musu ƙwallo har na daina ƙirgawa. Wata daga cikin masu tsegumi ta matso kusa da ni ta ce, "To, kin bar gidan siminti saboda wannan?" Ban ko kalle ta ba. Idona yana kan 'yata, wadda duk ƙwallon da ya shige ta sai ta tashi ta kakkaɓe rairayi, ta daka wa 'yan bayanta tsawa su koma wurinsu, muryarta har bakin titi.

A hanyar komawa rumfa tana ɗingishi, tana ta masifa a kan wadda ta bar mata gefen hagu a buɗe. Can sai ta ce, "Inna, Kawu zai sake barinmu mu koma gidansa?"

Na ce mata ban sani ba, mai yiwuwa ba zai bari ba.

Ta ƙara 'yar tafiya tana ɗingishi. Sannan ta ce, "To gobe ki tashe ni da wuri. Daga nan da nisa, kada wani ya riga mu filin."