Burtalin Ruwa da Muryar Yayana

Yayana ya koyar da tarihi a lakol, wato makarantar boko, a garin Agiye har ya yi ritaya, bai taɓa ganin teku ba. Amma abin da ya fi so a duk tarihin duniya shi ne yaƙe-yaƙen da Ingila da Holan suka yi a kan ruwa a ƙarni na sha bakwai. Ni kuwa ina aiki a wani ƙaramin gidan rediyo. Da likita ya ce ciwon maƙogwaronsa zai cinye muryarsa, sai ya roƙe ni fili uku, yaƙi ɗaya kowane mako, kafin ta tafi.

A fili na farko ya ce wa masu sauraro su ɗauki mashigin ruwan da ke gaban Ingila a matsayin burtali. Mutanen Holan na bi ta nan da jiragen fatauci, Ingila ta ce sai sun sauke tuta sun gaida ta. Wani makiyayi daga Gangara ya bugo waya yana tambayar ko jiragen sun yi wa wani ɓarnar gona. Yaya ya ce ruwa ba ya riƙe sawu, shi ya sa ba mai shaida, sai igwa. Makiyayin ya ce to gara namu rikicin.

A na biyu ya ba da labarin yadda jiragen Holan suka kutsa cikin kogin Ingila, suka ƙone na masu gida a maɗaurarsu, suka ja mafi girma suka tafi da shi. Yana magana yana kurɓar ruwan ɗumi. Na rage kiɗa, na matso masa da makirufo har leɓe.

Na uku a ɗakinsa muka ɗauki muryarsa. Da na saurara a ofis, numfashi kawai ke fita, sai wata kalma jefi-jefi. Ni na san abin da yake faɗa don na ga bakinsa. Mai rediyo a gona ba zai ji komai ba. Sai na rubuta abin da ya faɗa, na karanta a filin da muryata.

Da yamma na je wurinsa. Rediyon na kan tabarma, a kashe. Na tambaye shi ko na yi kuskure a wani wuri. Ya jawo kunnena kusa da bakinsa.

“Babu kuskure, Auta,” in ji shi. “Ka karanta shi kamar sanarwar rasuwa.”

Bai ƙara yi mini wata doguwar magana ba har muka kai shi makwancinsa, gero na fidda kai.