Ammu Ɗantsoho da Bokitin Farar Ƙasa

Kafin rana ta yi zafi Ammu Ɗantsoho, wato Baffa Ɗantsoho da Larabcin nan, ya riga ya sauko daga motar unguwar Alhilla Kuku, ya buɗe sito, ya hura ƙwallaye, ya ɗauki bokitin farar ƙasa ya shiga fili yana jan layi. Shekara ashirin da shida ke nan yana wannan aiki a kwalejinmu ta ilimin wasanni a Khartum, kuma ƙarshen watan nan zai huta. A takarda mai tsaron sito ne kawai.

Malamai sun koya mana darasin juriya da sarrafa zuciya, muka haddace, muka zuba a takarda. Ammu bai taɓa zama a aji ba, amma daga tafiyarka yake gane ko ka karya kumallo, ko labari mara daɗi ya zo daga gida. Ba ya ce maka "malesh", wato yi haƙuri, ya wuce irin na kowa. Bokiti zai miƙa maka ya ce taya ni. Wallahi na sha zagin bokitin nan a raina! Kafin ka kai ƙarshen fili ka amayar masa da cikinka kaf, shi ko bai tambaye ka komai ba.

Ku tambayi Sittana 'yar unguwar Alsawra, ajinmu ɗaya. Shekara ta biyar da hawan soja mulki, ranar jarrabawar tsallake shinge, doguwar rigar da dole mata su sa ta harɗe ta, ta kife gaban kowa, wasu marasa kunya suka tuntsire da dariya. Washegari ta kawo takalman gudu sito, ta ce ita da karatu sai wata rana. Saura wata biyu ta gama.

Ammu ya ce hannunsa duk farar ƙasa ne, ta riƙe masa bokiti tukuna. Ta ja layin tana kuka, ya fito a karkace kamar sawun maciji.

"'Yata, ni ba na gyara layin wani," in ji shi. "Gobe ki zo ki gyara abinki."

Kunya ta dawo da ita. Kwana takwas yana nemo wa layin aibi, mu muna ƙunshe dariya. Rana ta tara ta tarar da shinge ɗaya tsaye a kan hanyarta, Ammu kuwa ya rantse bayansa ya riƙe, ba zai iya ɗaukewa ba. Ta harare shi, ta ajiye bokiti, ta tattare riga, ta tsallake. Ta sake jarrabawa ta ci, yau ita ke koya wa 'yan mata wasanni a Omdurman.

Kai ne uban waɗanda suka faɗi, Ammu, malamin da ba shi da allo. Mun gode, Allah ya ba ka hutu da lafiya. Ku kuma da kuke tare da ɗalibai, ku riƙa duban fuskokinsu kamar yadda kuke duban agogon gudu.

Jiya a walimar sallamarsa Sittana ta ritsa shi, ta ce ya faɗi gaskiya, da gaske layin nan bai miƙe ba? Ya yi dariya har hularsa ta zame.

"Tun rana ta biyu ya miƙe, 'yata. Ke nake jira."