Ni Na Jawo Yaya Tanko Daga Rumbu

Duk wanda ya san Yaya Tanko a Kiyako ya san tafin hannunsa. In ya ɗebi gero, sai ya baje saman hatsin ya danna hannu, don ya gane in wani ya taɓa. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, amma ɓera ma ya fi ni sanin cikin rumbun nan. Inna ta taɓa aikena roƙon ƙwarya guda, ya ce in tuna mata azumin nafila yana da lada.

Wata bazara ya shiga rumbun, hatsi ya yi ƙasa, tsani ya karye. Ya yi ta ihu, maƙwabta suka ce gwada su yake yi, tunda ya hana kowa raɓar wurin. Ni na ɗauko igiyar guga na jawo shi, har bayana ya riƙe. Ina haki, ina jiran godiya, sai ya ce, "Audu, ka gan shi?"

Wai wani ne ya zauna kusa da shi cikin haske, ya ce shi ne Isa Almasihu. Ya danna hannu a kan geron, gefen nasa, tafin da rami a tsakiya, ya tambaye shi wa yake yi wa ajiya. Na ce to, igiyar fa? Ko kallona bai yi ba.

Ya bi fatake har bakin kogin Kwara, aka yi masa baftisma, ya dawo Kirista. Mutane suka yi ta tsegumi. Shekarar da mahara suka ƙone gonakin Gwaram, ya kware murfin rumbu, masu tsegumin suka zo da ƙorai. Har Birnin Kudu ake zancen alherinsa. Ni kuwa da nake rabon ɗan abin hannuna tun ina saurayi, ba wanda ya taɓa yi mini kirari. Haushi ya ishe ni, na shiga rumbun na zauna yini guda, ko ni ma za a leƙo ni. Kyankyasai kawai suka zo.

Kullum ya ba da labarin nan, ba igiya a ciki. Nakan yi gyaran murya, ya ce a ba ni ruwa.

Ranar da zai cika ya kama hannuna, ya shafa tabon da igiyar ta bar mini. Ya ce, "Kana ta kishi da Isa, Audu. Da na ce masa ba mai zuwa, cewa ya yi ƙaninka na tafe. Na gode."

Shekaru na yi ina jiran kalmar nan. Hanyarmu ta bambanta, amma Allah ka san cikin da gerona bai kai ba nasa ya kai. Ka ji ƙan Yayana, ka sanyaya makwancinsa.